Mai Raunin Gani Da Kwamfuta: Yadda Ake Tuƙa Ɓera Ba Tare Da An Taɓa Shi Ba

A wannan fitowa darasinmu ya ɗan kauce wa abin da aka saba gani a wannan shafi, wato awon ciki da shayarwa da rigakafin yara. Abin da ya jawo shi wata baiwar Allah ce da na riƙa yi wa awo a cikinta na uku. Ta daɗe tana fama da ciwon suga, kuma ma'aikaciyar ofis ce, aikinta shigar da bayanai a kwamfuta. Ciwon ya riga ya taɓa mata ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido tun kafin ta samu cikin, da cikin ya tsufa sai abin ya ƙaru, kamar yadda yakan faru ga wasu masu suga. Ta sauka lafiya, amma ganin bai koma yadda yake ba. Ranar da ta kawo jaririn allurar sati shida na tambaye ta yaushe za ta koma bakin aiki. Sai ta ce, "Sista, wane aiki kuma? Ko 'yar kibiyar nan da ke yawo a kwamfuta ba na gani." Takardar ajiye aiki tana cikin jakarta, ƙaninta ya rubuta mata, sa hannu kawai ya rage. Albashin nan kuwa da shi take sayen allurar insulin.

Na roƙe ta ta dakata. Abokan aikinmu na ɓangaren ido suka haɗa mu da wani malami makaho da ya yi shekara da shekaru yana aikinsa da kwamfuta, muka riƙa zama da shi, ni da ita muna ɗalibai. Abin da zan kawo a nan daga wannan zama ne, kuma sai da na gwada kowanne da hannuna, ido a rufe.

Na san wanda aka yi wannan rubutu dominsa ba lalle ne ya iya karanta shi da kansa ba. Saboda haka duk wanda takardar ta faɗo hannunsa, ɗa ne ko miji ko ƙanwa, ya zauna kusa da mara lafiyar ya karanta masa sannu a hankali, shi kuma hannunsa na kan maɓallai. Sharaɗi ɗaya ne: mai karantawa kada ya taɓa ɓeran kwamfutar. Tausayi zai sa hannu ya kai, a ce "kawo in danna maka." Duk lokacin da aka danna masa, an mayar da shi baya ne.

Likitan ido tukuna

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, sai hawan jinin ido, wato gilakoma, da ya jawo kusan kashi 17. Abin da za a ɗauka a nan shi ne, mai yana ba manhaja yake bukata ba, aiki yake bukata. Aiki ne na ɗan lokaci a asibiti, kuma galibi gani yakan dawo. Kada a kai shi wurin masu tura yanar cikin ido da tsinke a gida, ido da yawa sun mutu ta haka. Mai gilakoma kuwa abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa yana tsare abin da ya rage ne, don haka ba a daina shi don an ga gani bai ƙaru ba. Mai suga a duba masa bayan ido aƙalla sau ɗaya a shekara, mace mai suga kuma da zarar ta samu ciki, in da hali ma tun kafin.

Akwai wanda ba ya jira. Mai ciki da ganinta ya dushe farat ɗaya, ko take ganin walƙiya-walƙiya, musamman in akwai ciwon kai mai tsanani ko kumburin fuska da hannu, wannan na iya zama jijjiga ce ke tafe. A kawo ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Darasin namu na wanda likita ya riga ya duba ne, an yi abin da za a iya yi, ganin da ya rage kuma bai isa aikin kwamfuta ba.

Manhajar da ke karantawa

Akwai manhajojin da aikinsu shi ne su faɗi da murya abin da ke rubuce a fuskar kwamfuta, da abin da mutum yake bugawa, da inda yake. Irin wannan manhaja za mu riƙa kiran ta makaranciya. Uku aka fi sani a kwamfuta mai Windows. JAWS ta daɗe, tun 1995 aka fitar da ita don Windows, kuma wanda ya kafa kamfaninta, Ted Henter na Amurka, shi ma hatsarin mota ne ya makantar da shi. Tana da ƙarfi, amma ta kuɗi ce, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Narrator tana cikin Windows tun daga kamfani, in aka haɗa Ctrl da maɓallin Windows da Enter sai ta fara magana, haka kuma ake kashe ta. Ta uku ita ce NVDA, wadda wani makaho ɗan ƙasar Ostareliya, Michael Curran, ya fara a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo suka ci gaba tare. Kyauta ce, ƙungiyarsu mai suna NV Access ce ke kula da ita. Ana ma iya ɗora ta a filashi a tafi da ita, a soka a wata kwamfutar ta yi aiki. Da ita muka koya, kuma a kanta darasin zai tafi.

Da farko sai hannu ya san gari. A kan harafin F da na J akwai ɗan tudu, nan yatsun manuniya biyu ke zama. A gefen dama na babban allon maɓallai akwai lambobi da aka jera kamar na kalkuleta, za mu kira wurin gidan lambobi. Lamba 5 tana tsakiya, ita ma da ɗan tudunta. A layin sama na gidan, daga hagu zuwa dama, akwai Num Lock, sai alamar rabawa, sai tauraro, sai alamar ɗebewa. A ƙasa akwai sifili, maɓalli mai faɗi. A riƙe wannan tsari da kyau, domin kusan duk abin da ke tafe a nan yake.

Dole Num Lock ya kasance a kashe. In yana kashe, sifilin nan mai faɗi shi ne maɓallin NVDA, haka ma maɓallin Insert. Duk inda na ce "NVDA da kaza", ana nufin a danne shi, a taɓa ɗayan, sannan a saki. Ctrl da Alt da N suna tayar da makaranciyar in an girka ta a kwamfutar. Ctrl shi kaɗai yana sa ta yi shiru nan take, kuma wannan za a fi bukata a makon farko, don ba ta gajiya da surutu. NVDA da lamba 1 ta layin sama, ba ta gidan lambobi ba, suna buɗe yanayin koyo: duk maɓallin da aka taɓa za ta faɗi sunansa da aikinsa ba tare da ta aikata komai ba. A sake haɗa su a fita. A yi kwana biyu ko uku ana wannan kawai, ba asarar lokaci ba ce.

Muryar da Ingilishi take zuwa, kuma in ta ci karo da Hausa sai ta karanta ta kamar Baturen da ya sauka jiya. Mun sha dariya a kan yadda take kiran sunayenmu. Kunne yana sabawa.

Yawancin aiki ba ruwansa da ɓera

Abin da malaminmu ya fara cire mana daga kai shi ne zaton cewa sai da ɓera ake kwamfuta. Ya ce shi yakan yi kwanaki bai nemi inda kibiyar take ba. Maɓallin Tab yana tsallakawa daga wannan gurbi zuwa na gaba, Shift da Tab suna dawowa baya. Maɓallan sama da ƙasa da hagu da dama suna yawo a cikin jeri ko rubutu. Enter yana buɗewa, dogon maɓallin ba da tazara yana zaɓa ko ya danna. Alt da Tab suna sauya daga wannan manhaja zuwa waccan, Alt da F4 suna rufewa. Abin da masu gani suke samu in sun danna ɓangaren dama na ɓera, Shift da F10 suna kawo shi. Wanda ya riƙe waɗannan zai rubuta wasiƙa, ya aika saƙo, ya cika fom, ya karanta labarai.

To, me ya sa ake koyon tuƙa kibiyar? Domin ba kowace manhaja aka gina da tunanin makaho ba. Wadda ake aiki da ita a ofishin baiwar Allahn nan haka take. Za ta cika gurabe goma sha da Tab lafiya lau, amma wurin da ake dannawa a adana bayanin, Tab ba ya tsayawa a kansa sam, tsallake shi yake yi kamar babu shi. Wuri ɗaya tak, amma in ba a danna shi ba aikin yini ya tashi a banza. A irin wannan wuri ne ake bukatar ɓera, kuma a nan ne mutane da yawa suke sarewa.

Abubuwa uku da ba a so a gauraya

Kafin a ci gaba, ga sunaye. 'Yar kibiyar da ɓera ke motsawa za mu kira ta manuni. Wurin dannawa da aka zana a fuskar kwamfuta za mu kira shi botin, don kada a rikita shi da maɓallin da yatsa ke taɓawa.

Abubuwa uku ne ke yawo a fuskar kwamfuta, kowanne da harkarsa. Na farko shi ne inda mutum yake tsaye, wato gurbin da rubutu zai faɗa in ya buga, wanda Tab ke matsarwa. Na biyu na makaranciya ne ita kaɗai, masu gani ba su da shi. Malaminmu sanda yake kiran sa, domin kamar sandar makaho yake: ana miƙa ta gaba a taɓa abu a ji ko mene ne, ƙafa ba ta motsa ba. Na uku shi ne manuni. A ƙa'ida sandar tana bin mutum duk inda Tab ya kai shi, amma ana iya miƙa ta wuraren da Tab ba ya zuwa. Manuni kuwa yana nan inda aka bar shi, ba ya bin kowa sai an kira shi. Dabarar duka ita ce, a nemo botin da sanda, a kira manuni ya zo inda sandar take, sannan a danna.

Yadda ake yawo da sanda sai an ɗauki manhaja kamar gida: akwai gida, a cikinsa ɗakuna, a cikin ɗaki akwatuna, a cikin akwati kaya. Duk lambobin da ke tafe na gidan lambobi ne. NVDA da 5 suna faɗin abin da sandar take kai. NVDA da 6 suna matsawa ga abin da ke kusa da shi ta gaba, NVDA da 4 ta baya. NVDA da 2 suna shiga cikin abin, NVDA da 8 suna fitowa zuwa abin da ya ƙunshe shi. In an bi 4 da 6 har aka ji ta ce babu sauran abu, ba a kuma ji botin ɗin ba, to ba a wannan ɗaki yake ba. A fito da 8, a matsa da 6, a shiga da 2, a sake lalube. Wanda ya ɓata kada ya firgita, NVDA da alamar ɗebewa suna dawo da sandar inda yake tsaye.

Wannan shi ne wuri mafi wuya a darasin, ba zan ɓoye ba. Ni da nake gani, da na rufe ido sai da na yi zama huɗu kafin tsarin ya zauna mini a kai. Ita kuwa a zama na biyu ta kama, wataƙila don ita ba ta da damar buɗe ido ta leƙa.

In an samu botin, kada a yi saurin kiran manuni. A fara gwada NVDA da Enter na gidan lambobi, wanda ke umartar abin ya yi aikinsa kai tsaye. Sau da yawa wannan ya wadatar. In bai motsa ba, sai a bi wannan:

1. A haɗa NVDA da alamar rabawa. Manuni zai yi tsalle ya sauka inda sandar take. Babban yatsa a kan sifili, wani yatsan a kan alamar, hannu ɗaya ya isa.
2. A haɗa NVDA da tauraro. Makaranciya za ta faɗi abin da ke ƙarƙashin manuni. In ba sunan da ake nema ta faɗa ba, kada a danna.
3. A taɓa alamar rabawa ita kaɗai. Wannan shi ne danna ɓangaren hagu na ɓera. In aka taɓa sau biyu da sauri, dannawa biyu ke nan. Tauraro shi kaɗai kuma shi ne danna ɓangaren dama.

Mataki na biyun nan mutane sukan tsallake shi in hannu ya saba, ni kuwa ina ganin bai kamata ba. A ɗakin magani ba ma ba da allura sai mun karanta kwalba, ko da jiya mun ba da irinta. Botin adanawa da na gogewa sau da yawa maƙwabta ne.

Akwai kuma jan abu daga wuri zuwa wuri, wanda masu gani suke yi ta hanyar danne ɓera su ja. A kai manuni kan abin, a haɗa Shift da alamar rabawa, sai ɓangaren hagu ya kulle a danne. A kai sanda inda ake so a sauke, a kira manuni da NVDA da alamar rabawa, a sake haɗa Shift da alamar rabawa a buɗe kullin. Wanda ya manta bai buɗe ba zai ga kwamfutar tana abu kamar mai aljanu. Shawarata, in fayil ne ake son matsarwa, a yanke shi da Ctrl da X a manna da Ctrl da V, ya fi sauƙi kuma ya fi aminci.

Mai laftof da ba ta da gidan lambobi, akwai tsari na musamman da ake zaɓa a akwatin maraba da ke fitowa in NVDA ta tashi, a nan ne kuma ake iya mayar da Caps Lock maɓallin NVDA. A wannan tsari NVDA da Shift da maɓallan sama, ƙasa, hagu da dama su ne ke yawo da sanda. NVDA da Shift da M suna kiran manuni, NVDA da Shift da N suna faɗin abin da ke ƙarƙashinsa. Dannawar hagu ita ce NVDA da maɓalli na farko da ke dama da harafin P, ta dama kuma NVDA da na biyunsa. Yana aiki, amma yatsu uku-uku yana gajiyar da mai koyo. In da hali a sayi babban allon maɓallai mai waya a soka wa laftof ɗin, ba shi da tsada.

In sanda ma ba ta same shi ba

Wani botin hoto ne kawai aka zana, makaranciya ba ta ganin rubutun da ke kansa, ko ta ce "botin" ta yi shiru, ba suna. A Windows 10 da 11 akwai mafita: a sa sanda a kan tagar manhajar, a haɗa NVDA da R. Za ta duba hoton ta tsamo rubutun da ke ciki, ta jera shi layi-layi. A bi da maɓallan sama da ƙasa da hagu da dama har a zo kan kalmar da ake nema, a danna Enter, sai ta danna wurin. Esc yana fitar da mutum. Takan yi kuskuren harafi nan da can, amma takan fitar da mutum kunya.

Wata hanyar ita ce a ji inda manuni yake da kunne. NVDA da Ctrl da M suna buɗe saitin ɓera, a ciki akwai zaɓin da ke sa ƙara ta riƙa fita duk lokacin da manuni ya motsa. In ya yi sama ƙarar ta yi siriri, in ya yi ƙasa ta yi kauri, in ya yi hagu a ji ta a kunnen hagu, in dama a na dama. Sai da abin sauraro na kunne biyu ake jin daɗinsa. Haka kuma makaranciya tana karanta duk rubutun da manuni ya bi ta kansa, NVDA da M ke kunna wannan ko su kashe. Mai sauran gani kaɗan yana amfana da wannan ƙwarai, musamman in ya haɗa da gilashin ƙara girma na Windows, wanda maɓallin Windows da alamar tarawa ke buɗewa, Windows da Esc su rufe.

Abin da ya warware matsalar ɗalibarmu a ƙarshe wani ƙari ne da ake ɗora wa NVDA mai suna Golden Cursor, shi ma kyauta, ana samun sa a rumbun ƙare-ƙare da ke cikin NVDA ɗin. Fuskar kwamfuta ɗige-ɗige ne ƙanana, wata tana da 1366 a kwance da 768 a tsaye, wata 1920 da 1080, kuma ana fara ƙirga daga kusurwar sama ta hagu. Saboda haka kowane wuri yana da adireshi na lamba biyu. Da wannan ƙari, in aka danne maɓallin Windows da NVDA aka taɓa sama ko ƙasa ko hagu ko dama, manuni zai taka zuwa can, Windows da NVDA da P kuma su faɗi adireshin inda yake. Babban amfaninsa shi ne ana iya adana wuri a sa masa suna. Sau ɗaya wata abokiyar aikinta ta ɗora mata manuni a kan botin nan, ta adana wurin, daga ranar ba ta sake neman kowa ba. A nan kaɗai na yarda mai gani ya taɓa ɓera.

Wanda ido ke gani, hannu ne ya ƙi

Akwai waɗanda muke gani a asibiti da idonsu garau, amma shanyewar ɓarin jiki ko karkarwar hannu ko ciwon gaɓɓai ya hana su riƙe ɓera daidai. Su ba makaranciya suke bukata ba. Windows tana da wani tsari mai suna Mouse Keys. A haɗa Alt na hagu da Shift na hagu da Num Lock, a amsa tambayar da za ta fito, sai gidan lambobi ya koma ɓera. Lamba 8 sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, su 7 da 9 da 1 da 3 kuma a karkace. Lamba 5 ita ce dannawa, alamar tarawa dannawa biyu. In ana son dannawar dama, a fara taɓa alamar ɗebewa sannan 5, a taɓa alamar rabawa a koma ta hagu. Sifili yana danne abu don a ja shi, ɗigo yana sakin sa. In tafiyar manunin ta yi nawa, ana ƙara gudunsa a saiti.

Mai hannu ɗaya kuma ya taɓa Shift sau biyar a jere, zai samu Sticky Keys, wanda ke ba shi damar danna maɓallan da ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Mai koyon NVDA kada ya kunna Mouse Keys, domin dukansu biyu gidan lambobi suke so, kuma alamar rabawa aikinta daban a kowanne.

Kula da kunne da yatsu

Wanda ganinsa ya ragu, kunne ya zama jarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ƙarar abin sauraro ta wuce kashi 60 cikin 100 na iyakarta. In ana jin ƙugi a kunne bayan an tashi aiki, ƙarar ta yi yawa. Amma kada a bar abin sauraron gaba ɗaya, musamman wajen harkar banki ko wasiƙar sirri, don makaranciya ba ta san akwai mutane a ɗakin ba.

Masu suga da yawa ciwon yakan rage musu ji a yatsu, har su kasa jin tudun nan na F da J da 5. A ɗiga ɗan gam a kan maɓallin a bari ya bushe, ko a manna ɗan filasta mai kauri. A ƙara a kan alamar rabawa da Tab. Kada a wuce biyar ko shida, in sun yi yawa sun daina zama alama. In dindiris ɗin yatsun sabo ne ko yana ƙaruwa, a faɗa wa likita a zuwa na gaba. Koyon nan yana ɗauke hankali, ɗalibarmu ta taɓa wuce lokacin abincinta bayan ta yi allura har jiri ya fara ɗibar ta, don haka a sa ƙararrawa a waya, a ajiye dabino ko suga kusa.

Komawa bakin aiki

Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta hana a nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda nakasa, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari masu nakasa su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Kafin a je wurin shugaban ofis, a nemi likitan ido ya rubuta takarda mai bayyana halin ganin, a kuma tafi da NVDA a filashi a nuna aikin a gabansa. Wasu ofisoshin suna kulle kwamfutocinsu, sai an nemi izinin mai kula da su kafin a ɗora manhaja, don haka a fara da shi.

Haka baiwar Allahn nan ta yi, kuma tana bakin aikinta, duk da dai ba ta kai saurin da ba tukuna. Watanni bayan nan ta zo karɓar magani take ba ni labari cewa an sauya musu fuskar kwamfuta zuwa babba, botin ya bar adireshinsa, ta yi ta dannawa a fili har rabin yini kafin ta gane. Saboda haka duk ranar da aka sauya fuska, ko aka sabunta manhaja, ko aka rage girman taga, sai a sake adana wurin, kuma a riƙa buɗe tagar ta cika fuska kafin a kira manuni.